Gidan cin kifi mai araha a bakin teku: daga ina arahar take fitowa?

Hajiya Rabi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kawo muku wata magana da muka kasa daidaitawa a kanta ni da yayana tun makon jiya, domin na san a cikinmu akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar kifi nesa ba kusa ba.

A wata tafiya da muka yi da iyalina mun sauka a wani gari na gaɓar teku, sai mutum uku daban-daban suka kwatanta mana gidan abinci guda, da muka duba a waya kuma muka tarar masu yabonsa suna da yawa ƙwarai. Gidan ba ya cikin jerin waɗanda ke kallon ruwa. Sai da muka bar babban titin gaɓa muka shiga lungu na biyu, kusa da inda masunta ke sauke kayansu, sannan muka same shi. Teburan ba su wuce 12 ba, kuma babu littafin jerin abinci, sai wani baƙin allo a jikin bango da aka rubuta abu shida a kansa da alli. A bakin ƙofa akwai faffaɗan tire cike da niƙaƙƙiyar ƙanƙara, kifaye suna binne a ciki har wuya, ruwan da ke narkewa yana tsiyaya ta wani bututu zuwa cikin bokiti. Mai gidan ya ce in nuna wanda nake so, na nuna, ya ɗora shi a sikeli a gabana, ya faɗa mini nauyinsa da kuɗinsa kafin ya miƙa wa mai gashi. Bayan kamar minti 20 aka kawo shi a faranti da kansa da jelarsa, fatar ta gasu a garwashi, tsokar fara fat tana rabuwa da ƙaya da zarar an sa cokali, alhali ba a sa masa komai ba sai gishiri da mai da yankin lemun tsami. Muna cikin ci na ga yaron gidan ya ɗauki tsumma ya goge layi biyu daga allon, ya ce sun ƙare.

Abin da muka biya bai kai rabin abin da na ga an rubuta a ƙofar gidajen da ke kan titin gaɓa ba. Da na ba yayana labari sai ya ce araha ba ta ado, kifi kaya ne mai saurin lalacewa mai cin kuɗi wajen adanawa, saboda haka duk wanda ya sayar da shi da araha akwai wani wurin da ya rage wanda idona bai kai ba. Ni kuwa bakina ya shaida mini cewa ban taɓa cin kifi mai kyan wannan ba. Shin sa'a kawai muka taka, ko kuwa akwai dalilin da zai sa gidan kifi ya haɗa araha da inganci?

Alhaji Nuhu:

Wa alaikumus salam, Hajiya, barka da dawowa. Ni ina bayan yayanki, ko da yake ba na musun cewa kin ci abu mai daɗi. Ganin teku ta taga yana sa mutum ya saki jiki, ya ɗauka duk abin da ke farantinsa daga cikin wannan ruwan aka tsamo shi da asuba, alhali sau da yawa ba haka lamarin yake ba. Jatan landen da ake ci a gidajen abinci masu yawa a duniya kiwonsa ake yi a tafkuna a ƙasashe irin su Ekwado da Indiya da Biyetnam da Indunusiya, a daskarar da shi a zuba a kwali, ya yi tafiyar makonni a jirgin ruwa kafin ya iso. Kifin salmon ma galibinsa daga wuraren kiwo na Norwe da Cile yake fitowa. Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022, a karon farko, dabbobin ruwan da aka kiwata sun zarce waɗanda aka kamo, inda kiwo ya kai kashi 51 cikin 100.

Abin da ya fi damuna ma shi ne sauya wa kifi suna. Ƙungiyar kare teku ta Oceana ta gwada ƙwayoyin halittar samfuran kifi sama da 1,200 da ta saya a Amurka, ta fitar da sakamakon a 2013, kuma kashi 33 cikin 100 ba su ne kifin da aka rubuta ba. Idan haka ta faru a ƙasar da ke da hukumomin sa ido, me zai hana ƙaramin gida a lungu ya ba ki wani kifi da sunan wani? Idan na ga farashi ya yi ƙasa da na maƙwabta da nisa haka, abin da nake fara tambayar kaina shi ne wa ya biya ragowar.

Malam Isa:

Ranka ya daɗe Alhaji, alƙaluman da ka kawo gaskiya ne, amma ina ganin ba su faɗa kan gidan da Hajiya ta kwatanta ba. Na yi shekara 14 ina saya wa gidajen abinci kifi kafin in bar aikin, kuma tun daga bayaninta na gane irin gidan.

A fara da wurin da yake. Gidan da ke kallon ruwa haya yake biya mai nauyi, kuma wannan hayar a cikin kuɗin farantinka ake saka ta, tare da kuɗin fitilu da kujeru da masu tsayawa a ƙofa suna kiran masu wucewa. Wanda ke lungu na biyu ya huta da wannan duka. Sannan idan mai gidan da kansa yake zuwa wurin sauke kaya, ya tsallake hannu biyu ko uku na dillalai, kuma kowane hannu da kifi ya bi riba yake ƙara masa, ya kuma ƙara masa sa'o'i a hanya.

Amma babban sirrin shi ne allon nan da ake gogewa. Kifi ba hatsi ba ne da za a kai rumbu a jira kasuwa ta yi kyau. Ranar da jirage suka dawo da wani iri da yawa, farashinsa faɗuwa yake yi nan take, domin masunci ba shi da zaɓi sai ya rabu da shi a ranar. Mai gidan da bai ɗaure kansa da jerin abinci na dindindin ba, sai ya sayi abin da ya yi yawa a wannan safiyar, ya rubuta shi a allo, idan ya ƙare ya goge. Shi kuwa mai littafi mai shafi takwas, wanda ya yi wa kowa alkawarin abu 40 kowace rana rani da damina, dole ne ya sayi abin da ya yi tsada don kada a nema a rasa, dole ya tara kaya a firiza, kuma dole ya zubar da wanda ya kwana ya lalace. Asarar nan mai ci ne yake biyanta ba tare da ya sani ba. Ƙari a kan haka, kifin da aka gasa ɗungurungum ya fi wanda aka fere tsokarsa sauƙin kuɗi, saboda a wajen ferewa kusan rabin nauyinsa ke tafiya a kai da ƙaya da fata, ga kuma ladan mai wuƙa. Wannan ma ya amsa maganar sauya suna, domin tsokar da aka yanka aka lulluɓe da fulawa ce ake yi wa ƙarya. Kifin da ke kwance da kansa da fatarsa yana da wuya a laƙa masa sunan da ba nasa ba a gaban wanda ya san kifi ko da kaɗan ne.

Ba na cewa babu muguwar araha, na gan ta da idona. Akwai masu jira sai rana ta take su sayi ragowar da kowa ya tsallake, akwai masu tsumulmular ƙanƙara, akwai masu maimaita man suya har ya yi baƙi. Hanyar da nake rarrabe su ita ce, arahar gaskiya ba ta game kowane irin kifi. Idan sardin da makaral da sauran ƙananan kifayen da ake kamawa da yawa ne suka yi sauƙi, wannan daidai ne. Idan kuwa har lobsta, wato babbar dangin jatan lande, da manyan kifayen da kowa ke rububinsu aka karyar da farashinsu, to a nan ne maganar yayan Hajiya ta hau.

Maryam:

Baba Isa, Allah ya ƙara girma. Ni ban taso da cin kayan teku ba, kuma idan aka ce in nuna kifi a cikin tire ban san abin da zan duba ba. Wace alama ce wanda bai saba ba zai iya dogara da ita ba tare da ya ji kunya a gaban mai gidan ba?

Malam Isa:

'Yata Maryam, babu abin kunya a ciki, matambayi ba ya ɓata, kuma mai kayan kirki daɗi yake ji idan aka duba kayansa. Hancinki ne zai fara yi miki aiki tun daga bakin ƙofa. Kifin teku da bai daɗe da fitowa ba ba ya ƙarni, ƙanshin ruwan gishiri yake yi. A tsokarsa akwai wani sinadari da ake kira TMAO, wanda bayan mutuwarsa ƙwayoyin bakteriya ke mayar da shi TMA, kuma wannan na biyun shi ne ƙarnin da mutane suka ɗauka ɗabi'ar kifi ce, alhali alamar kwana ce. Tsamin lemo yana danne shi, shi ya sa gara ki sansana kafin ki matsa lemon.

Daga nan ki roƙi mai gidan ya ɗaga murfin da ke gefen kan kifin. Abin da yake numfashi da shi a ƙarƙashin murfin ya kamata ya kasance ja ko ruwan hoda mai haske, idan ya koma ruwan ƙasa yana yauƙi to ki tsallake shi. Tsokar kuma idan aka danna da yatsa ta dawo, kada ramin ya tsaya. Kifin da kika ga ya sandare ya ɗan lanƙwashe kada ki guje shi, wannan sandarewar tana zuwa ne a sa'o'in farko bayan mutuwa, saboda haka shi ne sabo. Ido mai haske da ya ɗan fito waje alama ce mai kyau, sai dai ban cika dogara da shi shi kaɗai ba, domin ƙanƙara kan dusashe idon kifin da babu abin da ya same shi.

Abin da na fi dubawa shi ne ƙanƙarar kanta. Kifin da ke digiri 5 a ma'aunin Salshiyas yana lalacewa da saurin da ya kai kimanin ninki biyu na wanda ke cikin ƙanƙara a digiri 0, a digiri 10 kuwa kimanin ninki huɗu. Wato kifin da aka kama da safe aka bar shi a rana yana iya zama mafi muni fiye da wanda ya yi kwana uku a binne cikin ƙanƙara. Shi ya sa bututun nan da Hajiya ta ambata ya burge ni. Wanda ya damu da kada kifinsa ya jiƙe a cikin narkakken ruwa ya san aikinsa.

Malam Habibu:

Maganar ƙanƙara ta tuna mini da abin da ya same ni shekara biyu da suka wuce, kuma a gida mai tsada ne, mai fararen kyallaye a kan tebur, wanda tagoginsa ke kallon teku. Ni da abokin aikina muka ci gasasshen yankin kifin tuna. Tun a loma ta biyu na ji wani yaji-yaji a harshena kamar an barbaɗa barkono, alhali babu barkono a jiki, amma na ci gaba da ci saboda kifin bai yi wari ba kuma ya gasu sosai. Ba a yi rabin sa'a ba fuskata da wuyana suka yi ja wur, kaina ya ɗauki sara, zuciyata tana bugawa da sauri. Na ɗauka jikina ne ya daina karɓar kifi, sai na waiwaya na ga abokina ma yana sosa wuya, fuskarsa ta yi irin tawa. A asibiti aka ba mu magani, kafin wayewar gari mun warware. Tun daga ranar na daina auna lafiyar kifi da tsadar wurin, domin kuɗin da muka biya bai tsare mu daga komai ba.

Malama Safiya:

Sannu Malam Habibu, Allah ya kiyaye gaba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ka kwatanta ya yi daidai da gubar histamin. Tana faruwa ne a kifaye masu duhun tsoka irin su tuna da makaral da sardin idan aka yi jinkirin sanyaya su bayan kamawa, sai bakteriya su mayar da wani sinadari na tsokar zuwa histamin. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, da zarar ta taru wuta ba ta kashe ta, ko gashi ko suya ko dafuwa, haka ma daskarewa, kuma sau da yawa kifin ba ya wari. Yajin nan da ka ji shi ne gargaɗin, wanda ya ji shi ya ajiye cokali. Kasancewar ku biyu kuka kamu daga abinci guda, alhali kun saba cin kifin lafiya, shi ke nuna cewa laifin na kifin ne.

Wannan daban yake da wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko ƙaguwa tun asali. Shi irin wannan mutumin ko man da aka soya jatan lande a ciki aka soya masa dankali yana iya tayar masa da ciwon, kuma a ƙaramin kicin tukunyar mai guda ce ke yin komai, saboda haka ya faɗa wa masu gidan tun kafin ya zauna. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara wuya, asibiti za a nufa nan take ba tare da jiran a ga abin da zai faru ba.

Ina da jan hankali guda biyu da suka shafi wasu mutane na musamman. Dabbobin teku masu ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa ruwa suke tacewa su ci, saboda haka duk ƙazantar da ke ruwan tana taruwa a cikinsu. A wurare da yawa ɗanyu ake cin wasunsu, kuma ƙwayar cutar bibriyo da kan kasance a ciki tana da haɗari ƙwarai ga mai ciwon hanta da mai raunin garkuwar jiki. Irin waɗannan mutane, da mai juna biyu, su tsaya ga abin da ya dahu. Ma'aunin da Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta bayar ga kifi shi ne tsakiyarsa ya kai digiri 63, wato tsokar ta daina sheƙi tana rabuwa cikin sauƙi. Na biyu kuma, manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin su shak da kifin nan mai dogon baki kamar takobi, suna tara sinadarin makuri mai guba a jikinsu, shi ya sa ake hana su ga mai juna biyu da ƙananan yara. Sardin da ire-irensa kuwa makurinsu kaɗan ne, ga su da man omega-3 mai amfani ga zuciya. A nan dai mai ƙaramin aljihu bai yi asara ba.

Alhaji Nuhu:

Na amfana da bayanin Malama, kuma na yarda cewa tsada ba ta ba da tabbaci. Amma har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba, Malam Isa. Ka yi ta yabon allo, to shi ma allon ai ana iya yin ado da shi, a rubuta da alli don a nuna kamar kayan yau ne alhali daga firiza aka ciro su da daddare. Haka ma yabon da Hajiya ta gani a waya. Taurarin da ake bai wa gidajen abinci a Google Maps da Tripadvisor yawancin masu ba da su baƙi ne da suka zo hutu cikin farin ciki, waɗanda ba za su iya bambanta kifin jiya da na yau ba, ban da ma waɗanda ake biya su rubuta yabo.

Malam Isa:

Gaskiyarka Alhaji, ana yin hakan. Allon da rubutunsa bai taɓa canzawa ba tsawon mako littafi ne kawai da aka rataye a bango. Sai dai ina so in wanke firiza daga wani ɓangare na zargin. Kifin da aka daskarar a cikin jirgi sa'o'i kaɗan bayan kama shi, aka riƙe shi a digiri 18 ƙasa da sifiri, aka kuma narkar da shi a hankali cikin firij, ya fi wanda ake kira sabo alhali ya yi kwanaki yana yawo babu isasshen sanyi. Akwai ma inda doka ta wajabta daskarewar. A Tarayyar Turai kifin da za a ci ɗanye sai an riƙe shi a digiri 20 ƙasa da sifiri na aƙalla sa'a 24, domin a kashe tsutsar anisakis. Laifin yana wajen ɓoyewa, a sayar maka da daskararre da farashin sabo, ko a narkar a sake daskarewa. Ni tambaya ɗaya nake yi, in ce wanne ne ya shigo yau, wanne ne na firiza. Mai gaskiya zai amsa ba tare da ya yi jim ba, har ya gaya maka cewa jatan landensa na kwali ne. Wanda ya ce maka komai nasa na safiyar nan ne, alhali a jerin akwai kifin da ba ya rayuwa a ruwan wannan yankin, ya riga ya ba ka amsa.

Hajiya Rabi:

Game da yabon waya, Alhaji, ni ma ban tsaya ga yawan taurari ba. Na karanta na watannin baya-bayan nan ne, domin gida yana iya canza hannu tsohon sunansa ya ci gaba da jawo masa mutane, sannan na nemi waɗanda suka ba da tauraro ɗaya ko biyu in ga abin da ya ɓata musu rai. Kukansu duka a kan jira ne, da ƙarancin wurin zama, da cewa sun zo a makare sun tarar abin da suke so ya ƙare. Ban ga wanda ya ce cikinsa ya ɓaci ko an yi masa coge a lissafi ba, kuma wannan ya fi kwantar mini da hankali fiye da yabon. Da muka shiga kuma na ga rabin masu cin abincin da kayan aiki a jikinsu, suna kiran mai gidan da sunansa. Wanda zai dawo gobe da jibi ba a yi masa wasa da ciki.

Shawarar da zan ba Maryam daga abin da na gani ita ce, duk inda aka ce farashi bisa nauyi ne, ta sa a auna a gabanta a faɗa mata jimillar kuɗin kafin a ɗora a wuta, ta kuma tambaya ko abin da ake haɗawa da shi yana cikin lissafin. A nan ne araha kan rikiɗe ta zama tsada idan takardar biya ta zo.

Malam Habibu:

Akwai wata tambayar da ya kamata Musulmi ya ƙara a kan waɗannan. Asalin abin da ke teku halal ne kamar yadda aya ta 96 ta Suratul Ma'ida ta nuna, kuma a mazhabar Malikiyya wannan ya game dukkan dabbobin teku, yayin da Hanafiyya suka taƙaita ga kifi. Matsalar a girki take shigowa. A gidajen kayan teku da yawa da farar giya ake turara masu ɓawo, akan kwaɓa fulawar suya da giya, kuma akan yanka naman alade a cikin wasu miyoyi da shinkafar kayan teku don ƙarin ɗanɗano, ba tare da an rubuta ba. Gasasshen kifi ɗungurungum irin wanda Hajiya ta ci shi ya fi kuɓuta daga wannan, amma duk abin da ke da romo ko kwaɓi a tambaya tukuna.

Alhaji Nuhu:

To, na sassauto, amma tambayata ta farko tana nan, wato wa ya biya ragowar. Wani lokaci tekun ne yake biya. Rahoton nan na 2024 da na ambata ya ce a 2021 kashi 37.7 cikin 100 na rukunan kifin teku da ake bibiya ana kama su fiye da yadda za su iya hayayyafa. Na sha ganin faranti cike da 'yan mitsi-mitsin kifaye da ba su kai ga yin ƙwai ba ana sayar da su da araha, mutane suna murna, alhali abincin shekaru masu zuwa ne ake cinyewa. Wani lokacin kuma masuncin ne yake biya, wanda ya kwana a kan ruwa ya dawo aka taya kayansa da abin da bai kai kuɗin man injinsa ba. Ba na jin daɗin arahar da aka gina a kan ɗayan waɗannan biyun.

Malam Isa:

A wannan ba ni da ja, Alhaji, kuma na ji daɗi da ka kawo shi. Ƙasashe da yawa sun ƙayyade mafi ƙarancin girman kifin da za a sauke, suna rufe kamun wasu iri a lokacin hayayyafa, suna kuma hana ɗaukar lobsta mai ɗauke da ƙwai a ƙarƙashin jelarta. Mai ci yana da hannu a ciki, domin abin da aka ƙi saya ba a daɗe ana kawo shi ba. Sai dai a lura da bambancin kifin da ƙarami ne a halittarsa, kamar sardin, da ɗan babban kifi da aka kama tun bai girma ba. Game da masunci kuwa, a abin da na gani, gidan da ke saya daga hannunsa kai tsaye kowace rana yakan ba shi fiye da abin da dillali zai ba shi, tun da su biyun suna bukatar juna gobe.

Idan kana son gwajin da ba ya ƙarya, ka je irin wannan gidan bayan iska ta yi kwana biyu tana hana ƙananan jirage fita. Idan ka tarar da tiren a cike maƙil kuma allon bai ragu ba, ka san ba wannan gaɓar ce ke ciyar da shi ba.

Hajiya Rabi:

Malam Isa, wannan ai ta faru da mu, ban ɗauke ta da muhimmanci ba ne shi ya sa ban ambata ba. Ana jibi za mu taso muka koma, bayan an kwana biyu ana iska har an kafa jar tutar gargaɗi a bakin ruwa. Muka tarar da abu uku kacal a allon, tiren kuma rabinsa ƙanƙara ce zalla. Mai gidan ya ba mu haƙuri, ya ce jirage ba su fita ba, abin da yake da shi miyar kifi ce, da jatan lande wanda ya faɗa mana da bakinsa cewa na firiza ne, sai wani kifi guda da ya rage tun shekaranjiya, wanda ya ce ya fi kyau a dafa shi a romo a kan a gasa. A ranar raina bai so ba, domin na sa rai da irin na farko, har yarana suka ce mu tafi gidajen titin gaɓa inda komai yake akwai. Miyar muka sha da burodi. Zan tura wa yayana wannan zaren gaba ɗaya, kuma idan Allah ya sake kai mu can da shi za mu tafi, in sa a ɗaga masa murfin kan kifin ya duba da idonsa.